Na Danna Amsar Ne Don In Ga Abin da Zai Faru

Masu karatu, yau ba na son kowa ya rarrashe ni a ƙasan rubutun nan. Mai zagi ya zaga, shi na fi buƙata. Don waɗanda yau suka fara leƙo mu: ni ce auta a gidanmu, Auta kuma kowa ke kirana, har maigadin ofishinmu. Kamfanin kai saƙo nake yi wa aiki. Ina zaune gaban kwamfuta da taswirar gari a buɗe, ina raba wa masu babur unguwanni, wane ya ɗauko nan, wane ya kai can. Akwai kuma wani bawan Allah da nake kira Malam Tabarau, mai yankan gilashin ido a wani shago da ke kan babban titi. Gobe Asabar ce ranar da Baba ya ce ya turo manyansa a san juna. Yau Juma'a nake wannan rubutu, daga ɗakina, ƙofa a kulle.

Ba wanda ya shiga tsakaninmu. Ba gulma, ba tsohuwar budurwa, ba dangin da suka ƙi. Gem ne kawai, wato wasan da ake yi a waya ko na'ura, sai ni.

Haɗuwarmu ba ta da wani ado. Zama na yi a kan gilashina, ƙafa ɗaya ta ɓalle, na kai gyara. Ina jira a kan benci na fito da waya na ci gaba da yaƙina. Sai na ji an ce, "Hajiya, wa kike yaƙa haka har kina cizon leɓe?"

Ban ko ɗago ba na ce, "Maƙwabcina na gabas. Ya tare min kogi."

"To Allah ya ba da nasara, Kwamanda."

Sunan ya bi ni ke nan.

Bari in yi wa iyayenmu mata da ke karantawa bayani, don na san wasunku duk abin da aka danna a waya sunansa ɗaya, ɓata lokaci. Nawa gem ɗin na dabara ne. Za a ba ka fili fetal da mutane ƙalilan. Kai za ka ce a yi noma nan, a haƙa ƙarfe can, a ɗaga ganuwa, a tara sojoji. Daga sama kake kallon komai. In ka yi gaggawa a cinye ka, in ka yi nawa a riga ka. Nasa kuwa na labari ne. Mutum ɗaya za ka zama, da takobinsa da tsoffin takalmansa, ka yi ta yawo gari-gari kana hira da mutane. Duk wanda ya yi maka magana, amsoshi za su jeru a ƙasa, ka zaɓi ɗaya, labarin ya karkata inda ka zaɓa.

Rabin zancenmu a falon Mama musun nan ne. Zai zo cikin farar rigarsa mai aljihu ɗaya, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, ya ce, "Kwamanda, naki fa ba mutane a ciki. Lambobi ne aka sa wa hular kwano. Ki tura runduna guda ta mutu don ki sami gada, ko sunan mutum ɗaya ba ki sani ba."

"Naka kuma aike ne. Duniya na cin wuta, kai kana can bayan gari kana neman wa wata tsohuwa akuyarta."

"Ai tsohuwar ce daga baya ta nuna min hanyar shiga fada."

"Bayan ka ɓata mako guda a kan akuya."

Wata rana Mama ta shigo da shayi ta tarar da mu a haka. Ta ajiye tiren ta dube mu ta ce, "Ni 'yasu! 'Ya'yan mutane na zancen gida da kujeru, ku kuna zancen akuyar da ba ta cin dusa." Ya sunkuyar da kai yana dariya har gilashinsa ya zamo kan hanci. Tun daga ranar Mama ta ɗauke shi ɗa.

Gaskiyar magana, kowane gem da rabonsa. Ni na san abin da nawa ya yi min. Ranar da ruwa ya rufe gadar tsakiyar gari, ofis ya rikice, Oga na ta zufa yana amsa wayar masu kaya. Ni kuwa ko a jikina. Na dubi taswirar na ga fagen da na saba, na juya masu babur ta bayan kasuwa, na bar biyu a ajiye saboda ko-ta-kwana, kaya suka isa. Gem ɗin ne ya koya min kada in juye duk abin da nake da shi wuri ɗaya, kuma kada in tura runduna inda ban fara tura ɗan leƙen asiri ba. Illarsa kuma, tambayi tukunyar Mama sau nawa shinkafa ta ƙone a kan "bari in ƙarasa ganuwar nan".

Shi nasa sauraro ya koya masa. Tsohuwa za ta zo a ɗaure mata gilashi, ta ɗauko labari tun daga auren jikarta, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ji har ƙarshe. Ni da na ji kaɗan zan fara neman inda ake dannawa a wuce. Amma fa nasa ci-rai ne. Zai yi watanni yana bin labari ɗaya, ranar da ya ƙare ya yini sukuku kamar wanda aka yi wa rasuwa, sai na yi ta tsokanarsa ina cewa in zo gaisuwa ne.

Da musun ya ƙi ƙarewa, sai ya ara min 'yar na'urarsa ta hannu, wai in ɗanɗana nasa kafin in ci gaba da zagi. Nan na gano abin da ya kai ni ya baro. A irin gem ɗinsa akwai abin da ake kira sebin: ka adana wasan daidai inda kake, ko me ya faru bayan nan kana iya komawa can kamar ba a yi ba. Ai kuwa na sami abin yi. Duk maganar da na ga tana da nauyi, sai in yi sebin, in danna amsar da ta fi kowacce muni, in sha kallo, in koma baya in danna ta kirki.

Ya kama ni a kai wata ranar Lahadi. Akwai wani maƙeri a labarin, abokin tafiyar jarumin, ya zo yana roƙon a raka shi neman ƙaninsa. Na danna, "Matsalarka ce."

"Kwamanda, me maƙerin nan ya yi miki?"

"Ba komai. So nake in ga abin da zai yi."

"To ga shi kin gani. Kuka yake."

"Yanzu zai daina." Na koma baya, na danna "Mu tafi", maƙeri ya hau murmushi yana sa min albarka. Na miƙa masa na'urar ina jin kaina.

Bai yi dariya ba. Ya ce shi bai taɓa komawa baya ba. Abin da ya danna ya dannu. Har ya ba ni labarin wani maharbi da ya rasa a tsakiyar wasan saboda kuskuren yatsa, ya ƙarasa sauran tafiyar babu shi, yana jin zafin abin. Wai in ana komawa, to ba zaɓi ba ne, leƙe ne. Na ce masa wannan asarar dabara ce, an ba ka ƙofa ka ce sai ta katanga. Muka yi dariya aka wuce wurin. Da kunnena na ji shi, masu karatu, ba wani ne ya ba ni labari ba.

To, ranar Litinin ɗin nan Yaya ta zo taya mu gyaran gida. Ita ce babbarmu, tana da aure da 'ya'ya uku, kuma ba ta iya ninke kaya bakinta a rufe ba. Muna ɗakina tana jera min mayafai a durowa ta ce, "Auta, mutumin nan naki bai cika sanyi ba kuwa? Kin taɓa ganin fushinsa?"

"Ba ya fushi, Yaya."

"Babu wanda ba ya fushi. Ni nawa sai da na tare na san yana da murya. Kuma kin tabbata son ne, ba kawaici ba? Irin masu haƙurin nan, ko ba sa so ba za su faɗa ba."

Mama ta jiyo mu daga tsakar gida ta ɗaga murya: "Ke, kada ki zuga min yarinya! Auta, ki ji ni da kyau. Duk wanda ya zo sai kin auna shi kin sake aunawa har ya gaji ya tafi. Wannan karon Babanku ya riga ya gaya wa 'yan'uwansa. Kada ki ba ni kunya."

Na ce to. Amma maganar Yaya ta riga ta sami wurin zama. Na kwana na tashi da ita. Na dubi Asabar na ga ƙasar da zan kwashi duk abin da na mallaka in shiga, kuma ban san abin da ke bayan tudun ba. Tsoro ne, yanzu na san sunansa. A lokacin kuwa ce masa na yi dabara.

Talata da rana, ofis ya yi shiru kowa ya fita cin abinci. Ina sanye da doguwar rigata ruwan toka da ya ce tana yi min kyau. Na ɗauki waya na rubuta:

"Na yi tunani sosai. Ina ganin kada manyanka su zo ranar Asabar. Ban ga alamar abin nan zai yiwu ba."

Kafin in tura sai da na tsara komai. In ya kira yana faɗa, na ga fushin da Yaya ke tambaya, sai in auna ko zan iya zama da shi. In ya kira yana roƙo, na san son ne. In kuwa ya rufe shago ya taho ofis, to magana ta ƙare, zan yi dariya in ce wasa nake, har in ba jikokinmu labari. Ko ta ina ya ɓullo akwai hanyar komawa. Na danna.

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ina murmushi fa, Allah ya yafe min. Can sai ga amsa:

"To. Na gode da kika faɗa min tun kafin su kamo hanya. In wani abu na yi miki, ki yafe min. Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri."

Babu Kwamanda, babu 'yar fuskar dariyar da yake rufe kowane saƙo da ita. Wannan amsar ba ta cikin waɗanda na tsara.

Nan ya kamata in kira shi, ko? Ko yaro ya san haka. Amma a gem ɗina, in ɗaya ɓangaren ya yi shiru ba ka fita daga ganuwa. Jira kake ya motsa, don wanda ya fara fitowa shi ke nuna rauninsa. Sai na zauna ina jira. Ina kallon sunansa yana hawa layi yana sauka. Laraba ta wuce. Ranar Alhamis har karkatar da wani mai babur na yi ya bi ta gaban shagon, wai ya duba min ko a buɗe yake. Ya bugo ya ce a buɗe yake, mai shi na ciki yana aiki. Ku ji fa, haushi ma na ji, wai ashe yana iya aiki.

Abin da ya karya ni Baba ne. Jiya da yamma ya dawo daga wurin aski, ya sa aka fito masa da babbar rigar da ba ya sawa sai da dalili, ya rataye ta a bayan ƙofa tana shan iska. Baba ba mai yawan magana ba ne. Ya wuce ni a tsakar gida ya ce, "Autata ta girma." Shi ke nan abin da ya faɗa, na shige banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni.

Yau da safe na roƙi Oga izini na tafi shagon. Na tarar da shi a bayan kanta, injin yankan gilashi na ƙara, ruwa na zuba a kan dutsen. Firam-firam ɗin gilashi na jere a bango kamar kullum, allon haruffan gwajin ido na haske a lungu. Shi ne kawai ba kamar kullum ba. Idonsa ya faɗa, rigar ko guga babu.

"Sannu da zuwa," ya ce. "Gilashin ne?"

"Ba gilashi ba ne. Saƙon nan ne. Ban nufi abin da na rubuta ba."

Ya kashe injin. Wallahi da idona na ga fuskarsa ta buɗe. Ya zagayo ya tsaya nesa kaɗan da ni, ya sassauta murya ya ce, "Tsoro kika ji? In tsoro ne ki faɗa min, ni ma ina ji. Sai a ɗaga ranar. Ba wani abu ba ne, zan jira."

Masu karatu, ga amsa an miƙo min har hannu. Da na ce eh, da yanzu ba wannan nake rubutawa ba. Kuma ba ƙarya zan yi ba, tsoron na ji. Amma bakina ya ƙi yarda a ce Kwamanda ta ji tsoro. Sai na yi 'yar dariya na gyara mayafi na ce, "Haba, wane irin tsoro? Gwada ka kawai na yi. So nake in ga abin da za ka yi."

Ya cire gilashinsa, ya goge da gefen riga, ya mayar.

"To kin gani?"

"Ka yi haƙuri mana, ai..."

"Bari in ƙarasa miki abin da na yi, tunda shi kike son gani. Ranar Talata da yamma na je wurin Umma. Ba na son ta riƙe ki a rai, sai na ce mata ni ne na fasa, na sake tunani. Ta ce in fita mata daga ɗaki, wai ban ji kunyar wulaƙanta 'yar mutane ba. Har yau ba ta amsa gaisuwata ba. Kawu ya riga ya shirya tafiya, na buga masa na ce ya zauna. Ya ce na mai da shi ƙaramin mutum, kada in sake nemansa a kan maganar aure."

Na ce, "To ka koma ka ce musu..."

"In ce musu me? In ce ƙarya na yi musu, ko in ce gwada ni aka yi? Zaɓar min, ke kika iya dabara."

Hawaye suka zubo, na ce masa mu bar shi kamar ba a yi ba, ni ce, ban canja ba. Ya girgiza kai a hankali. Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ma ya yi faɗan.

"Tun Talata nake bin duk maganar da na taɓa faɗa miki ina neman inda na ɓata miki," ya ce. "Ina sonki, wannan bai taɓu ba. Amma nan gaba in kika ce min ba kya so, zan tsaya ina tunanin gaske ne ko gwaji. In kika ce kina so ma, haka zan tsaya. Ban san yadda ake zama da mutum a haka ba."

"Goben fa?"

"Ba wanda zai zo gobe. Bayan gobe kuma ban sani ba. Don Allah kada ki tambaye ni yau."

Wani dattijo ya turo ƙofa da takardar likita a hannu. Malam Tabarau ya juya ya tarbe shi da ladabi, ya ja masa kujera, ya fara sauraronsa. Na tsaya kaɗan ko zai waigo. Da na ga tsayuwar ta zama abin kunya sai na fita.

Ban koma ofis ba. Na yi ta tafiya a ƙafa har takalmi ya ci min dunduniya, ina ta jera amsoshin da ya kamata in bayar, kowacce ta fi wadda na bayar. Nadama ba ta da wani amfani, na sani, amma ita kaɗai ta rako ni gida.

Na tarar an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. A falo an jera kujerun da aka aro daga maƙwabta, an shimfiɗa sabon kafet, ko'ina ƙamshi. Mama kuwa, Mamar da ciwon gwiwa ke hana ta hawa matakala, tana tsaye a kan tebur tana rataya sabon labule ruwan zuma, ƙugiyoyi biyu a bakinta, tana 'yar waƙarta ta hanci.

"Yawwa Auta, gara da kika dawo da wuri," ta faɗa ta gefen baki. "Kama min ƙasan nan kada ya sha ƙasa. Babanku ya ce in tambaye ki, su nawa ne za su zo? Kujerun nan za su isa? Kuma mahaifiyar tasa za ta zo, ko maza ne kaɗai? Ni dai ina son in gan ta, in yi mata godiya a kan tarbiyyar yaron nan."

Na kama ƙasan labulen.

"Mama," na ce, "ki sauko tukuna."

Ta leƙo ta dubi fuskata. Waƙar ta tsaya. A hankali ta sa hannu ta cire ƙugiyoyin daga bakinta.